Firam ɗin da Usaid Ya Taya

"Na kanti tsada ce kawai, Alhaji," in ji mai walda. "Zan haɗa maka irinsa a rabin kuɗin."

Usaid ya jijjiga samfurin firam ɗin ɗaga ƙarfe na motsa jiki da ke shagon mai waldar kamar ya san abin da yake dubawa. Tun da ɓarin jikin matarsa Muhibbat ya shanye, ba ya iya ɗaga ta daga gado sai ya kira ƙaninta. Ita kuwa rufe ido take yi don kunya. Shi ya sa ya ƙudura ƙarfafa bayansa a gida.

Sai da ya zaga Gyadi-Gyadi da Tarauni yana tayi kafin ya amince. Mai walda ya ce Laraba, bai dai faɗi wace Larabar ba.

Ranar sadakar ukun Muhibbat, motar a-kori-kura ta sauke firam a ƙofar gida.

"Masha Allah, ƙarafan rumfa sun iso," in ji liman. "Ku ja tamfol."

Usaid ya zauna a inuwar yana amsa gaisuwa. Iska ta taso, firam ko motsi bai yi ba. Ƙarfe ne mai kyau, ba a cuce shi ba.