Kafintan Da Ya Sayo Shiru

Ka tambaye ni wanne ya fi ɓata yara, gem ko soshiyal midiya. Ni dai ba ni da sikelin auna wannan, amma na san wani kafinta.

Matarsa ta rasu ta bar masa ɗa guda, su biyu ke nan a gidan. Da la'asar ta yi, yaron sai shagon gem na bakin layi, inda ake buga ƙwallo a talabijin, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya wuri. Ba zan ce wurin makaranta ba ne, don a can ya koyo wata ashar da uban ma bai taɓa ji ba. Amma kullum sai ka ji yara a ƙofar gida: "Wai ana sallama da ɗan kafinta!" Bayan magariba kuma shi da uban su zauna kan kwano ɗaya, yaro yana ta bayanin yadda aka zalunce shi a wasa, uban yana gyaɗa kai, bai fahimci komai ba, tuwo kuwa yana shiga. Sai masu ba da shawara, waɗanda unguwa ba ta taɓa rasawa ba, suka ce gem yana cinye ƙwaƙwalwa. Kafinta ya tsorata, don ɗa ɗaya ba abin gwaji ba ne. Ya hana shi zuwa shagon, ya sayo masa babbar waya don ya riƙa zama a gida.

Ya kuwa zauna. Maƙwabta suka yi ta yabo, wai yaro ya natsu. Masu sallama suka zo suka gaji da jin ba ya fita, suka koma ƙofar wani. Shi kuma yana kwance kan tabarma yana kallon waya, yana ganin gidajen da suka fi nasu da dariyar mutanen da ba su san da zamansa ba. An ce ya yi abokai har a ƙasashen waje. Da zazzaɓi ya kwantar da shi dai, babu wanda ya samu damar zuwa dubiya, wataƙila saboda nisa. Kwano yana nan ɗaya, sai dai yaron yana ci da dama, waya a hagu, uban kuma yana sauraron ƙarar taunar kansa. Ran nan shirun ya ishe shi, ya ce, "Ko za ka ɗan leƙa shagon nan?" Yaron bai ko ɗago ba. "Wa na sani a can yanzu, Baba?"

Kafinta ya jawo murfi ya rufe sauran tuwon. Ban ce maka gem magani ba ne, amma Hausawa sun riga mu faɗa: garin neman gira, an rasa ido.