Mai Ginin Tukwane da Ƙusa Mai Kaushi

Bari in ba ka misali da wata mata mai ginin tukwane. Wata rana santsi ya kwashe ta a ramin ɗiban yumɓu, ta faɗi ta baki, haƙoranta biyu na gaba suka fita. Aka yi mata na roba. Ran wata kasuwa tana tsakar ciniki sai suka suɓuce suka faɗa cikin tulun da take tallatawa, mai saye ya tuntsire da dariya. Tun daga ranar ta ɗauke ƙafa daga kasuwa. Ko gaisuwa za ta yi, sai ta kare baki da gefen mayafi. Tukwane suka taru a rumfa har kaji na ƙwai a ciki. Da ƙanenta ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ɗauke ta sai birni wurin wata likitar haƙori.

Likitar ta ce dashe za a yi. Ta miƙo mata samfurin wata 'yar ƙusa da za a kafa cikin ƙashin muƙamuƙi, daga baya a ɗora haƙori a kanta. Matar ta murza ta da yatsa, ta ji kaushi, ga ta toka-toka ba ƙyalli. Ranta ya ɓaci, a zatonta an ga 'yar ƙauye ne aka ɗauko mata ta banza. Har ta miƙe za ta fita. "Zauna, Inna," in ji likita. "Da gangan aka yi mata haka. An fesa mata yashi, an tsoma ta a ruwan asid, jikinta duk ƙananan ramuka ne da ido ba ya gani. Nan ƙashinki zai tofo ya shiga ya kama. Mai sulɓi ba ta ba shi wurin riƙo sosai." Matar ta tuna da sana'arta. Ita ma ai ba ta manna wa tulu hannu sai ta kakkarce wurin da tsinke, don wanda aka manna a kan sulɓi a wuta yake ɓallewa. Kunya ta kama ta, ta koma ta zauna.

Aka yi dashen. Wata huɗu tana lallaɓa kunu da tuwo mai laushi, ga goro da take so an ce ta haƙura. Ranar da aka duba, ƙusoshin sun zauna daram kamar da su aka haife ta. Aka ɗora haƙora, ta dubi madubi, sai ga hawaye. Da ta dawo gida ta gina randa mafi kyau da hannunta ya taɓa yi, ta ɗauko ta tun daga ƙauye ta dire wa likitar, tana ta sa mata albarka baki buɗe.

Mutane da gargaɗi suke kawo karin maganar nan, amma ita da hamdala take faɗinta: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.