Jirgin da ke Bango

Muna zaune a ɗakin jira na filin jirgin Khartoum, sai muka hango ana jan jirginmu na zuwa aikin Hajji ana tafiya da shi, babu kowa a ciki.

Inna ta ce, "Ina za su kai shi ba mu shiga ba?"

Na je na tambayo. Ashe jirgin na haya ne. Kamfanin da zai kai mu ya daɗe bai biya ba, masu abu kuwa sun karɓe abinsu. Wani jirgin sai bayan Arfa.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta gyara farin mayafinta ta ce, "Kakana da ƙafa ya taso daga Katsina zai je Makka, a garin nan guzurinsa ya ƙare. Tashi mu je gida, ɗana."

Da la'asar raksha, 'yar keke mai ƙafa uku, ta sauke mu a unguwarmu, Hajj Yusuf. Jikokinta har sun yi zanen tarbar alhazai a bangon gida, kamar yadda aka saba: ga Ka'aba, ga jirgi ya doshe ta. Inna ta ɗora tafin hannunta a kan fiffikensa. Fentin ko bushewa bai yi ba.