Littafi Mai Koren Bango

Koren littafin Yaya ya miƙa mata, jan kuma ya tura shi da ƙafa ƙarƙashin gado.

"Wannan ya ishe ki, Auta. Kada ki biye wa masu tara littattafai, ruɗa ki kawai za su yi."

Auta ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Ita ce ƙaramar gidan. Ba ta daɗe da dawowa daga garin da ta yi karatun likita ba, ta zo masa da maganar tana so su yi shirin jarrabawar samun lasisi tare. Shi kuwa jarrabawar nan sau biyu tana kayar da shi. 'Yan unguwa har sun laƙaba masa suna, Likita Saura Ƙiris. Idan an faɗa yakan yi dariya, amma dariyar iyakarta haƙori.

Ya san koren littafin sarai, domin shi ya kai shi ƙasa. Tsohon bugu ne. An sauya allurar da ake fara yi wa yaro mai jijjiga, an sauya awon da ake kira hawan jini, an sauya abubuwa da dama, kuma duk suna cikin jan littafin, sabon bugu. Yaya ba mugu ba ne. Hango ranar kawai ya yi da yarinyar da ya koya wa ɗaure takalmi za ta riga shi zama likita, sai ƙafarsa ta aikata abin da ta aikata.

Da yamma suke karatu a teburin falo. Da safe Auta kan fita, wai ɗakin karatu za ta, hayaniyar gida ta yi mata yawa. Takan dawo a gajiye, ƙafafu a kumbure, hannuwanta na warin maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta zube a kujera ta buɗe koren littafin. Bai taɓa ganin ta ja layi ko ɗaya a ciki ba. Ya ɗauka ganin girman kayan yayanta ne, abin ya ƙara cin ransa.

Ga ta da tambayar tsiya.

"Yaya, nan an ce wannan allurar ake fara yi. Wata ƙawata kuwa ta ce an canza. Wanne zan riƙe?"

"Bi littafinki," in ji shi, idonsa a kan tebur.

Tana tashi sai ya shige ɗaki, ya jawo jan littafin ya duba. Ƙawar nan da gaskiyarta. Kullum da gaskiyarta, kai ka ce a kan shafin take kwana. Sai ya karanta wurin, ya sake karantawa, kunya na dafa shi. Shi da a da yake haddace abu da safe ya zube kafin rana ta take, sai ga shi duk wurin da ya yi wa Auta ƙarya ya zauna masa daram a ka. Ya tsani wannan ilimin, amma ilimin ya ƙi tafiya.

Ya sha yin niyyar gyara ɓarnarsa. Wata rana har ya fito da jan littafin a hammata, ya tarar barci ya sace ta a kan tebur, kumatunta a kan koren bangon. Ya daɗe tsaye yana kallonta. In ya ba ta yanzu, me zai ce ya hana shi tun farko? Ya juya ya mayar da littafin inda yake. Haka kwanaki suka yi ta zubewa, har aka kai lokacin da ko ya ba ta ba zai amfane ta da komai ba.

Ranar jarrabawa Umma ta tsayar da shi a bakin ƙofa, ta dafa kansa, ta yi ta kwararo masa addu'a har shayinsa ya huce. Auta kuwa abin da ta samu bai wuce "A dawo lafiya, 'yar albarka" ba. Yaya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya danne mata littafi, yanzu ga addu'ar ma shi ya kwashe.

A motar haya ya kasa haɗa ido da ita. Ita ko a jikinta, sai gyara masa wuyan riga take, tana tambayarsa ko ya ɗauko katin shaidarsa da biro. Ko jaka ba ta riƙo ba. Ya ce a ransa, yarinyar nan ta yarda da ni ta saki jiki, ni kuwa na kai ta na baro.

A ƙofar zauren jarrabawa an ja layi, wani dattijon likita mai furfura yana duba katuna. Saura mutum kaɗan a zo kansu Yaya ya kasa daurewa, ya juyo gare ta.

"Auta, koren littafin nan da na ba ki..."

"Bar maganar littafi, Yaya, layi na tafiya. Allurar jijjiga, wacce ake fara yi?"

"Sabuwar," bakinsa ya amsa kafin ya ankara.

Ta yi murmushi, ta tura shi gaba, ita ta ja gefe.

Dattijon ya karɓi katinsa, ya duba sunan, ya leƙa bayan Yaya ya hango Auta, sai fuskarsa ta washe.

"Au, kai ne yayan Likita? Shiga, shiga. Tun da ta karɓi lasisinta ta dawo garin nan take aiki da ni a sashen yara, ba ta taɓa neman hutu ba sai yau, wai za ta rako ka."