Ƙauyen da Ake Gani ta Taga

Tunda takardarka ta fito, kana ta ɗaure kaya baki har kunne, zauna in ba ka wani misali kafin ka tashi.

An yi wani saurayi ɗan makiyaya daga wajen Maigatari, inda ƙasa take a shimfiɗe kamar faifai. A garinsu in mutum ya hau kan rumbu ya hango kukar wani ƙauye, ya san in ya yi azahar a gida zai yi la'asar a gindinta. Da wannan ido ya girma, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Allah Ya yi shi da kai, ya samu gurbin karatun likitan dabbobi a wata ƙasa mai nisa. Makarantar can cikin duwatsu take, inda mota ke kai mutum ta gaji, alfadari ya ƙarasa da shi. Ranar da ya isa, murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya leƙa ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya damƙi ƙanƙara ya jefa a baki don ya tabbatar ba gishiri ba ce. Ya ga shanu masu gashi har ƙasa kamar an yafa musu bargo, ya tsaya yana dariya shi kaɗai, yana cewa ina ma baffansa na kusa. Shayinsu na man shanu, wanda sauran baƙi ke yatsina wa fuska, shi kofi uku yake shanyewa ya miƙa a ƙara. Akwai wani dutse guda a bayan ɗakinsu inda waya ke kamawa, duk Juma'a yana kansa a tsaye, yana zuba wa 'yan gida labari har batir ya mutu. Kafin shekara biyu ya ji yarensu, ya iya kayar da bijiminsu, malamai na nuna shi da yatsa a aji.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kansa. Mutanen wurin ba sa auna nisa da ido. Ka nuna musu gari ga shi ƙuru-ƙuru, sai su ce maka yini ne da rabi. Shi kuwa a ransa ya yanke cewa son jiki ne kawai irin na mutanen sanyi.

Sai jarrabawar ƙarshe ta zo. Ba a aji ake yin ta ba. Babbar malamarsu za ta zauna a wani ƙauyen makiyaya ranar da ake kora garke zuwa makiyayar bazara a can ƙololuwa, kowane ɗalibi ya duba dabba a gabanta kafin rana ta take. Wanda bai zo ba, sai baɗi. Ƙauyen nan kuwa ta tagar ɗakinsa yake kallonsa kullum. Yana iya ƙirga ƙofofinsa, har jan zanen da wata ke shanyawa a kan katanga ya sani. Ana gobe za a yi, abokan karatunsa suka ɗaura kaya tun da hantsi. Tsohon da ke jan alfadaran makaranta ya tsaya a ƙofarsa ya ce, “Ɗana, taso mu tafi, a bakin gada za mu kwana.” Ya yi wa tsohon godiya cikin ladabi, ya koma kan littafinsa yana murmushi. Ai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wa zai je ya kwana a kan dutse saboda garin da ake jin carar zakaransa?

Da asuba ya yi salla, ya saɓa jaka, ya fita yana rera waƙar kiwo, zuciya fari tas. Hanya ba ta nufi ƙauyen ba. Ƙasa ta yi, tana lanƙwasa tana dawowa kamar igiyar da aka yar. Ya gangara, ya gangara, har ƙauyen ya ɓace masa, sai ƙarar kogi a cikin kwazazzabo. Gadar ma ba nan take ba, sai da ya bi ruwa ya yi gabas tafiya mai tsawo. Rana na tsaka ya taka ta, ya tarar da tokar wutar da abokansa suka hura jiya. A nan ya gane ya makara. Ya kama hawa da gudu, amma iskar can sama ba ta cika ƙirji, taku ashirin sai ya dafa gwiwa yana haki. Wanda ke bin saniya yini guda bai zauna ba, yau ga shi yana rarrafe.

La'asar sakaliya ya shiga ƙauyen. Ba malama, ba ɗalibai, sai kashin shanu da wata tsohuwa tana kaɗi a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai ya hango garken a jikin dutse, ga su nan kusa, har ƙararrawar wuyansu yana ji. Ƙafarsa ta motsa za ta bi, sai ya tsaya, ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya tambaye ta tafiyar nawa ce zuwa makiyayar da suka nufa. Ta ɗaga yatsu biyu. Ya ce awa biyu? Ta ce kwana.

Ya zauna a kan jakarsa ya yi hawaye, don ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa cewa da kaka zai dawo. Shekara guda cur ya ƙara a kan wannan yini ɗaya.

To ka je, ka yi murnarka, wurin ya cancanci murna. Amma dai Bahaushe ya riga ya faɗa, hangen Dala ba shiga birni ba.