Hanyar Doya Ta Tudun Fulani

"Lissafin nan naki ya taɓu, Malama Yasmin," in ji Anwar, yana kaɗa mata takarda. "Doya daga Paiko zuwa kasuwa, me ya kai ni Tudun Fulani?"

Wata guda ke nan direbobi na gwada tsarin da ta haɗa don kammala digirinta. Tsari ne mai karɓar maganar direba yadda take, "awa ɗaya, ko biyu in an yi ruwa", ya fitar wa kowace mota hanya mafi sauƙi. Kowa ya huta, ban da Anwar. Kullum sai ya zaga, har Alhaji maigidansa ya fara zancen karɓe makullin mota.

"Kwamfuta ba ta ƙarya," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya jawo kwamfutar gabansa. Duk lambobin na ƙila-wa-ƙala ne, daga kaza zuwa kaza. Layi ɗaya tak ne babu wataƙila a cikinsa: motar Anwar, ƙofar gidan su Yasmin a Tudun Fulani, ƙarfe huɗu, dole.

Ya daɗe yana kallo.

"Goge layin nan, ki cece ni daga Alhaji," ya ce da ƙarfi. "Jibi zan turo Kawu Ishaku gidanku. Shi ba ya buƙatar kwamfuta."