Gurnanin Zuwera

Tun da sojoji suka tare gadar Malanbil da ke kan iyaka, da kwalekwale ake haye kogi. A bakin ruwan Idrisa ya cim ma budurwarsa Zuwera, za ta Kotonu ƙaddamar da sabon faifanta na death metal, salon waƙar nan ta Turawa da ake yi da gurnani.

"Inna ta ji waƙar," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wai wannan gurnanin ba na mace ba ne, aljani ne. Sai an yi miki ruƙiyya za a kawo goro."

Shi ne fa mai sayo mata zuma duk sanda muryar ta dishe.

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce ba laifi a gwada."

Ta taka cikin kwalekwale.

"Ka gaya wa Inna aljanin ya fasa aurenka."